Shekarar da Kwasakwasa Ba Ta Sauka Ba

Bana ruwa ya ɗauke da wuri. Tun gero yana cikin bununi, bai kama ƙwaya ba, sama ta washe, kuma daga ranar ba mu sake jin ko cida ba. Masu gonaki a bayan gari suna ta shigowa da dammunan da yaro zai iya ɗauka da hannu ɗaya. Ni yanzu ba ni da gona, ba ni ma da ƙafar zuwa gonar wani, amma hancina bai tsufa ba. Akwai wani wari da ƙasa take yi idan damina ta tafi ba sallama, warin ciyawar da ta bushe tana tsaye da na lakar da ta fara tsagewa. Ran nan da hantsi ina zaune a tsakar gidanmu a nan Potiskum, motocin shanu suna ta gurnani daga wajen kasuwa, sai warin nan ya shigo mini. Ban san lokacin da na ɗaga kai ina duban arewa ba.

'Yar farina tana gefe tana tsince shinkafa. Ita ma ta tsufa, har da jikoki, furfurarta ta kusa kamo tawa. Ta ce, "Inna, yau ma tsuntsayen naki kike dubawa?"

Na ce, "Ke dai tsince tsakuwarki."

Ke nake ce mata. In tana nesa in ce "ke wannan", in ina zancenta da mutane in ce "uwar su Adamu". Haka muka tashi muka tarar. Uwa ba ta kama sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban jama'a, ba ta nuna ta damu da shi ko da kuwa hanjinta yana tsinkewa. Matan yanzu ina ganinsu suna rangaɗa wa 'ya'yansu na fari kira daga nan har bakin titi. Ban ce sun yi laifi ba, ni dai bakina ya riga ya saba da kewaye.

Ni 'yar Fulanin wajen Gadaka ce, inda aka fi kowa riƙon wannan kunya. Maigidana, Allah ya jiƙansa, Bangizime ne, ƙabilar nan ta wajen Potiskum, cin rani ya kai shi garinmu ya gan ni, ya nace har aka ba shi. Ya kawo ni ƙauyensu can gaba da Nangere, inda ƙasa take gangarawa zuwa kogi. Gida talatin ne ko ba su kai ba. Abin da ƙauyen yake taƙama da shi shi ne tabki, wani babban tabki mai marke a bakinsa. Duk shekara in damina ta yi tsakiya kogi yakan cika ya tumbatsa, ya biyo wata ƙorama ya zuba cikin tabkin, ya shigo da 'yan kifaye. In kogi ya koma, su kuma su zauna su yi ta girma.

Surukina, mahaifin maigidana, shi ne Sarkin Ruwa. Baba muke ce masa. Dogon tsoho ne marar yawan magana, ƙafafunsa duk faso saboda laka. Matarsa ta rasu kafin in zo, sai yayarsa Gwaggo Yagana take riƙe da gidan. Tsakanina da Baba kuwa sai gaisuwa daga bayan danga, ina durƙushe, kaina a ƙasa. In muka yi kiciɓis a hanya in ratse cikin ciyawa har ya wuce. Shekara biyu ina gidan ban san launin idonsa ba.

Aikinsa shi ne ɗaure tabki da kwance shi. Ranar da ƙorama ta daina gudu, sai ya kafa sanda a bakin ruwa ya ɗaura mata kaba. Daga ranar an ɗaure tabki ke nan. A ɗebi ruwa, a shayar da dabbobi, mata su shiga gefe su ciri bado, amma kifi ko ɗan yatsa ba mai taɓawa. Kuma ba Baba ne yake yanke ranar kwancewa ba, kwasakwasa ce. Sai ta zo ta sauka, ta ci kwana uku, a na huɗu ya kwance kabar kowa ya shiga su. Na taɓa ji yana gaya wa maigidana dalili, ina daga cikin ɗaki. Ya ce, "Tsuntsu ya fi mu ido, daga sama yake gani. Ba ya sauka sai ruwa ya ja, kifi ya ƙosa ya taru. In ka riga shi, ƙanana za ka kwashe. Kwana ukun nan kuma haƙƙin baƙo ne, tun daga Chadi ya taso."

Wanda bai taɓa ganin kwasakwasa ba, fara ce tas sai bakin fiffike mai duhu, ta fi dinya girma nesa. Bakinta dogo ne kamar muciya, a ƙarƙashinsa akwai wata jakar fata rawaya mai saki, da ita take kamfatar ruwa da kifi gaba ɗaya, ta tsiyaye ruwan ta haɗiye kifin. A ƙasa tafiyarta abin dariya ne, irin ta mai tsohon ciki. A sama kuwa ban ga abin da ya kai ta kyau ba.

Kakar farko da na yi a ƙauyen, ina shanya kuɓewa na ji ana cewa ga su nan. Na duba ban ga komai ba sai sama. Can sai wani farin abu ya ƙyalla a nesa, ya ɓace, ya sake ƙyallawa. Ashe kewaya suke yi, in sun juya wa rana ciki su haska, in sun karkata su ɓace. Ba sa kaɗa fiffike, iska ce kawai take ɗauke da su. Suka yi ta saukowa a hankali, kewayen yana ƙara faɗi, har na fara jin ƙarar iska a gashinsu, inuwarsu tana bi ta kan rufin ɗakuna da kan fuskokinmu. Da suka sauka sai tabkin ya zama fari. Suka jeru suka yi rabin da'ira, suna iyo suna koro kifi zuwa gaɓa, sannan su tsoma kai gaba ɗaya su ɗago gaba ɗaya, ba wanda yake riga wani. Na tsaya da ƙwarya a hannu har rana ta take. Ran nan tuwo bai nuna da wuri ba, Gwaggo ta ce an kawo mata Bafillatanar da tsuntsu ya fi ta hankali.

Rana ta huɗu aka buga ganga. Maza da homa da gora, mata da ƙwarya da kwando a gefe, kowa ya yi baƙi da laka sai haƙora. Tarwaɗa da karfasa har muka rasa inda za mu zuba. Wata guda ƙauyen yana hayaƙin banda, zanen ɗaurawarka da gashin kanka duk ƙaurin kifi, yara suna yawo leɓe na maiƙo. Wannan kifin shi ne miyarmu har wata damina.

Shekarar da nake son in ba da labarinta ita ce ta biyu, lokacin yaƙin Turawa. Da rani na je gida Gadaka na haihu, mace. Na yi wanka na dawo da goyo, na tarar an zo an ɗebi samarin ƙauyen zuwa aikin kuza a Jos, har da maigidana. Ba a tambayi kowa ba. Saura tsofaffi da mata da yara, ga damina na ƙaratowa.

Ita ma daminar sai da ta ja mana rai. Hadari ya haɗu a gabas ya yi baƙi, iska ta taso mai sanyi, mu fito da tukwane, sai ya watse kamar ba a yi ba. Da ruwan farko ya zo muka yi shuka, ni ina bin Baba a baya da ƙoƙon iri, yana sara ina zubawa ina takewa da diddige, ba mai ce wa wani uffan. Ta tsiro ta yi ganye biyu, rana ta ƙone ta. Muka sake da irin da ya rage. Noma kuwa gayya muka riƙa yi, yau gonar wannan gobe ta wancan, mata da fartanya da goyo a baya, tsofaffi suna nishi. Gayyar da babu fura babu ganga, sai ruwan tsamiya a tulu. Duk da haka ana dariya. Akwai wata tsohuwa da take rera waƙa tana zagin gajimare, tana ce masa baƙon da ya leƙo zaure ya ƙi shigowa.

Rumbu ya fara nuna gindinsa tun ba a yi maimai ba. Gwaggo ta koma awo da ƙaramin ƙoƙo, daga baya da tafin hannu. Tuwo ya koma sau ɗaya a yini, sannan ya koma kunu, sannan kunun ya koma ruwan da ake iya ganin gindin ƙwarya ta cikinsa. Muka shiga tafasa da yaɗiya, a dafa a matse a barbaɗa dusa. Muka tsotsi aduwa har harshe ya yi kanta. Wasu suka riƙa tonon gidan tururuwa suna kwashe hatsin da ta tara. Yunwa in ta daɗe ba ta ciwo kamar yadda mutane suke zato. Sai ka ji jikinka ya yi sakayau, ƙafarka kamar ba ta taɓa ƙasa, muryoyin mutane suna zuwa daga nesa. Nakan tsaya tsakiyar gona in ga zangarniya tana rawa alhali ba iska, in manta abin da na zo yi.

Kogi ya cika a shekarar, amma da ƙyar. Ƙorama ta yi gudu kwana huɗu ta tsaya, tabkin bai kai ko gindin marken ba. Baba ya kafa sandarsa ya ɗaura kaba. Bayan 'yan kwanaki ruwan sama ya ɗauke, gero yana cikin bununi, kamar bana. Abin da muka yanka rabinsa ƙaiƙayi ne. Sai zafin nan na bayan damina ya sauko, mai nauyi, wanda ba iska a cikinsa. Duk ƙauyen ido ya koma kan tabki da kan sama.

A lokacin nonona ya fara ja baya.

Yarinyar tana wata biyar. Da farko ta riƙa kama ta saki tana kuka, tana dukan ƙirjina da hannu. Na canja mata wannan, na canja mata wancan. Gwaggo ta gane tun ban faɗa ba, don ita take mata wanka. Ta ce kunun kanwa ne maganinsa, to ina geron? Ta jiƙa mini saiwoyi masu ɗaci na sha, ba abin da ya zo. Awaki duk sun ƙafe. Muka riƙa ɗura mata ruwan 'ya'yan bado da aka dafa aka tace, rabi ya shiga rabi ya dawo. Wuyanta ya yi siriri, fatar cinyarta ta yi tamoji, maɗigarta ta lotsa har ina ganin tana bugawa. Gwaggo ta ce, "Ke ce za ki ci ita ta samu. Romon kifi kwana biyu zai dawo da ke." Ga kifi a bakin ƙofa, ga kaba a ɗaure.

Baba yana son yarinyar kamar ransa. Amaryata yake ce mata, irin wasan kaka da jika. Kullum da safe in zai fita yakan tsaya bayan danga ya ce, "Ina amaryata? Yau ma ba za a gaishe da ango ba?" Da can Gwaggo takan miƙa masa ita ya yi ta cilla ta. Da ta rame sai na riƙa lulluɓe ta a bayana har kai, in juya yadda ba zai ga komai ba sai tudun zane. Gwaggo ta ce, "Tana barci." Kunya nake ji a ce nonona ya ƙafe a gidan miji, kuma kunya nake ji a ga na damu da 'yar fari. Kunya biyu suka haɗu suka rufe mini baki.

Gwaggo ta gwada gaya masa, ina jinsu daga madafa. Amma ita ma da kewaye ta faɗa, yadda ake faɗar irin wannan magana ga namiji. Ta ce, "Yarinyar nan ta ɗakin can, jikinta ya ɗan yi ƙasa."

Ya ce, "Yaya, wa jikinsa bai yi ƙasa ba bana? A ƙara haƙuri, tsuntsu yana hanya."

Shi ke nan maganar ta mutu. Ita tana ganin ta faɗa, shi yana ganin ya ji.

Kullum da hantsi nakan bi mata cirar bado. Ruwan ya yi ɗumi kamar na wanka, ya yi kauri, yana ja da baya taki ɗaya ko biyu kowace rana, ya bar laka tana tsagewa. Kifi yakan taso sama yana buɗe baki. Wata rana ina lalube a cikin laka sai hannuna ya faɗa kan tarwaɗa. Ta lafe ba ta motsa ba. Na ji santsinta, na ji gashin bakinta a wuyan hannuna, na ji kaurinta ya cika mini tafi. Ba mai kallona, ƙwaryata tana gefe da ganyen bado da zan iya rufe ta da shi. Yarinyar tana bayana, numfashinta yana taɓa mini kafaɗa kaɗan kaɗan. Sai na tuna ni surukar Sarkin Ruwa ce, in aka ji ƙaurin kifi a gidan da aka ɗaure tabki, tsohon nan ba zai sake ɗaga kai a ƙauyen ba. Na buɗe hannuna ta tafi. Na yi kuka a wurin, na wanke fuska da ruwan tabki don kada a gane. Har yau in na tuna ina jin haushin hannun nan.

Daga nan yarinyar ta daina kuka. Wanda bai yi goyo ba zai ce sauƙi ne. Kwana uku ba ta samu ko ɗigo ba, sai ta buɗe ido ta dube ni ta lumshe.

A rana ta ukun ne, da hantsi, muna bakin ruwa, wata mata ta nuna arewa da hannu. Farin abin nan ya ƙyalla, ya ɓace, ya sake ƙyallawa. Kafin a jima duk ƙauyen ya fito, har waɗanda sai an riƙe su. Wata ta yi guɗa, muryarta ta karye a tsakiya. Tsuntsayen suna da yawa, sun fi na bara. Suka zo daidai kanmu suka fara kewaya, suka sauko har inuwarsu ta fara bi ta kan laka. Na ji sanyin inuwar a fuskata, na ce a raina, kwana uku da ɗaya huɗu, ya Allah ka riƙe mini ita kwana huɗu. Suka kewaya sau ɗaya, sau biyu, sau uku. Sai na ga kewayen yana ƙara tsukewa yana yin sama. Na farkonsu ya miƙe kudu, saura suka bi shi a jere, suka yi ta ƙanƙancewa har ido ya gaji.

Baba ya je gindin marke ya zauna, dattawa suka kewaye shi, mu mata muna tsaye nesa kaɗan inda muke iya ji.

Mai unguwa ya ce, "Sarkin Ruwa, sun wuce."

Baba ya ce, "Dubawa suka zo yi. Za su dawo."

"In ba su dawo ba fa? Ruwan nan ba zai kai sati biyu ba, kifin zai mutu a laka."

"Ubana bai taɓa kwance kaba tsuntsu bai sauka ba, kakana ma haka. Ba a kaina za a fara ba. A ba su kwana bakwai."

Dattawa suka sunkuyar da kai. Ba mugunta ce ta sa shi ba, na sani. Tsoro ne a muryarsa, tsoron mutumin da aka ba amana ya ga abin da ba a taɓa gaya masa yadda ake yi da shi ba.

Kwana bakwai. Ban yi shawara da kowa ba, ban ma yi da kaina ba. Na ji hannuna yana kwance majanyi. Na sauko da yarinyar na rungume ta a ƙirji, a gaban kowa, na nufi gindin marken. Gwaggo ta kama mini gefen zane ta ce, "Ke, ina za ki?" Na fizge. Ƙafata ba ta jin ƙasa, mazan suna ta darewa suna ba ni hanya kamar sun ga mahaukaciya. Na durƙusa a gaban Baba, na ɗora masa ita a cinya, na yaye zanen da ke jikinta duka. Sannan na ɗaga kai na dube shi cikin ido. A takarda zan iya sa abin da na ce, takarda ba ta da kunne.

Na ce, "Baba, Hauwa ce. Kwananta uku ba ta sha nono ba, babu shi. Ba za ta kai kwana bakwai ba. 'Yata ce, ina sonta, kada ka bari ta mutu."

Wata tsohuwa a bayana ta yi salati. Baba bai dube ni ba, ita yake kallo. Ya sa hannu biyu ya ɗaga ta kamar mai auna abu, ya sauke, ya sake ɗagawa. Ya taɓa maɗigarta da babban yatsansa. Ya ce, "Amaryata, haka kika zama ba wanda ya gaya mini?" Idonsa ashe ja ne, irin na mutanen da suka daɗe suna duban ruwa cikin rana.

Ya miƙo mini ita. Ya tashi ya tafi wajen sandar a hankali, ya tsaya ya daɗe yana duban kudu. Ƙullin kabar ya bushe ya ƙi kwantuwa, sai da ya sa haƙori. Ya juyo da ita a hannu ya ce, "Ku shiga. In da laifi, a wuyana yake." Shi bai shiga ba, ya koma gindin marke ya zauna da kabar a cinyarsa.

Ba ganga ran nan, ba waƙa. Tsofaffi da mata muka faɗa laka, wasu da homa wasu da hannu. Kifin bai kai kashi ɗaya cikin goma na bara ba, kuma duk ya rame, kai ya fi jiki. Mai unguwa ya raba gida gida, aka fara da masu goyo. Gwaggo ta dafa mini tarwaɗa biyu da barkono da 'yar kanwa, ta tsaya a kaina har na shanye romon, ta ƙara. Sai da ta karɓi ƙwaryar sannan ta ce, "Ashe Fulani ma suna da baki."

Washegari nono bai zo ba. Muka ci gaba da ɗura mata ruwan bado, ina sa kunne a ƙirjinta. Rana ta biyu da la'asar ina dakan 'ya'yan bado sai na ji wani tsiko a ƙirjina kamar ana soka mini ƙaya, na duba na ga gaban zanena ya jiƙe. Na yar da taɓarya. Na ɗauko yarinyar, da ƙyar ta kama, ta ja sau biyu ta huta, ta sake ja. Da na cire ta don in canja mata, sai ta tsala wani kuka na masifa, irin na wanda aka ƙwace wa abinsa. Daga bayan danga na ji Baba yana cewa, "Yaya, muryar wa nake ji?" Gwaggo ta ce, "Amaryarka ce take faɗa."

Maigidana ya dawo da hunturu, da tari a ƙirjinsa, ya tarar da mu da rai. Daminar da ta biyo baya ta yi kyau, tabki ya cika har gindin marke. Baba ya kafa sanda ya ɗaura kaba. Kwasakwasa ta zo a lokacinta, can sama, ko kewayawa ba ta yi ba ta wuce. Shekara ta gaba ma haka. Daga baya ma muka daina ganinta, aka koma kwance tabki da lissafin wata.

Yayana da ya zo daga Gadaka ya ba mu labari cewa a shekarar yunwar nan wasu manyan fararen tsuntsaye sun cika guraben ruwan kogin wajensu, ba a taɓa ganin yawansu haka ba, kuma tun daga lokacin suke zuwa. Can ruwa ya fi zurfi, kifi ya fi yawa. Masu lura kuma suka ce ƙoramarmu yashi ne yake cike ta shekara da shekara, tabkin yana ƙara zama faranti. Tsuntsu abinci yake bi, ya ga babu ya yi gaba. Na roƙi Gwaggo ta kai wa Baba wannan magana don ransa ya yi sanyi. Ya saurara har ƙarshe ya ce, "To, na ji." Amma bai yarda ba. Har ya bar duniya yana ganin shi ya kore su, ya ci abincin baƙo tun baƙo bai zauna ba. Duk kaka da hantsi yana gindin marke, hannu a goshi, yana duban arewa.

Ni da shi muka koma yadda muke, gaisuwa daga bayan danga, ratsewa cikin ciyawa. Bai taɓa tayar mini da zancen ba sai sau ɗaya. Yarinyar tana shekara biyar, ta zo da gudu ta fizge masa hula ta tsere. Ina shara kusa da danga. Ya yi dariya har da tari, sannan ya ce, ba tare da ya juyo ba, amma na san da ni yake, "Amaryar nan tawa ta yi tsada. Tsuntsayen kakannina duka na bayar sadakinta." Sannan ya ƙara da cewa, "Ban yi asara ba."

Tabkin yanzu babu shi. Wani jikana ya kai ni wajen a mota shekarun baya, na ga ana buga bulo a inda na kama tarwaɗar nan, marken ma an sare. Kifi kuwa ga shi nan a kasuwa cikin kwali, bandar Gashuwa da ta Baga, ba sai ka jira kowane tsuntsu ba. Duban arewar ne kawai Baba ya bar mini gado, in kaka ta yi wuyana da kansa yake ɗagawa.

Ran nan da na gaji da dubawa na sauke kai, na ga ta gama tsintar shinkafar tana kallona. Na ce, "Ke, miƙo mini ruwa."

Ta kawo ta durƙusa da ƙyar, gwiwarta tana ƙara. Ta ce, "Inna, ke dai har mu mutu ba zan ji sunana a bakinki ba."

Na ce, "Na taɓa kira."

"Yaushe?"

"Kina wurin. Kin ma amsa, sai dai kin ɗauki kwana biyu."

Ta yi dariya ta ce tsufa ya fara taɓa ni, ta ɗauki farantinta ta shige madafa. Na bi bayanta da kallo har labule ya rufe ta, sannan na sha ruwan.